Ba a fasa furoton ba, ƙwanƙwasa shi aka yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sammini fili a shafin wasiƙu in yi ɗan gyara a kan wata magana da na karanta a shafinku na kimiyya. Marubucin, Allah ya saka masa da alheri, ya yi ƙoƙari wajen bayanin ƙwayar zarra, wato atam, har ya gangaro kan furoton da niyutiron da ke cibiyarta. To a nan ne ya ce wai masana sun fasa furoton sun tarar da ƙwayoyi uku a ciki masu suna kwak. Wannan jimla ce ta hana ni sakat. Har yau babu wanda ya taɓa fasa furoton ya ciro kwak guda ya ajiye a gefe, kuma bisa abin da aka fahimta game da ƙarfin da ke ɗaure su, ba za a iya ba. Abin da aka yi ya fi fasawa dabara, shi ya sa na ga bai kamata a bar masu karatu da waccan siffa ba.

Ba ina faɗa ba ne don na fi shi sani. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da fiziks a makarantar sakandare, kuma duk tsawon lokacin furoton a wurina da'ira ce da nake zanawa da alli in saka alamar tarawa a tsakiya. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi kuma me ke cikinsa?" Na ce mata babu komai, nan ne ƙarshen hanya, ta zauna. Sai bayan na ajiye aiki ne wani tsohon ɗalibina da ya yi nisa a karatu ya turo mini wani zane na sakamakon gwaji, layi ɗaya mai tsini guda da tozo uku a bayansa, ya ce in zauna da fensir in duba. Na yi makonni a kansa. Amsar yarinyar nan ce, ta iso a makare.

Bari in faro daga gwajin da kowane malamin fiziks ya sani. A shekarar 1914, a birnin Balin na Jamus, James Franck da Gustav Hertz sun riƙa tura ilektiron cikin tururin zaiba suna ƙara musu gudu kaɗan-kaɗan. Ilektiron-bolt shi ne ma'aunin kuzarin irin waɗannan ƙwayoyi. Muddin kuzarin ilektiron bai kai ilektiron-bolt 4.9 ba, sai ya bugi atam ɗin zaiba ya yi tsalle ya wuce, bai rasa komai ba. Da zarar ya kai 4.9, sai atam ɗin ya karɓe wannan adadi cif, ilektiron ya fito a gajiye. Atam ba ya karɓar rabi, ba ya karɓar kwata. Yana da matakai kamar na tsani, ko dai a ba shi abin da zai kai shi mataki na gaba, ko a bar shi inda yake. Idan ya hau, sai a ce ya zabura, ba da jimawa ba kuma ya sauko ya saki abin da ya karɓa a matsayin haske. Abin dariya, su kansu mutanen biyu da farko sun ɗauka ilektiron suke fizgewa daga jikin atam ɗin, sai daga baya aka gane matakan da Niels Bohr ya yi magana a kansu a 1913 ne suka taɓo.

Abin lura a nan shi ne, abin da ba shi da ciki ba ya zabura. Kafin abu ya haɗiye kuzari ya riƙe shi, dole a sami sassa a cikinsa da za su sake zama, ko su ƙara motsi. Ka ƙwanƙwasa ƙararrawa, amon da ta bayar zai gaya maka kaurinta da girmanta da ko ta tsage, ba tare da ka sa mata guduma ba. Ilektiron kansa, duk dukan da aka yi masa a injuna har zuwa yau, bai taɓa nuna wani mataki na zabura ba, kuma ba a ga yana da faɗi ba. Furoton kuwa yana da matakai rututu.

Alamar farko ta zo ne tun 1933, lokacin da Otto Stern ya auna ƙarfin maganaɗisun furoton ya ga ya ninka abin da lissafi ya ce ɗigo marar ciki zai samu kusan sau biyu da rabi. Awon yau ya ce 2.79. Niyutiron ma, da ba shi da cajin lantarki ko kaɗan, aka tarar yana da maganaɗisu, abin da ba zai yiwu ba sai idan akwai caji da ke yawo a cikinsa yana soke juna. A 1952 Enrico Fermi da abokan aikinsa a Shikago suka harbi furoton da wasu ƙwayoyi da ake kira payon, suka ga karon yana ƙaruwa sosai yayin da ake dosar wani kuzari na musamman. Wannan shi ne matakin da yanzu ake kira Delta. Sannan a tsakiyar shekarun 1950 Robert Hofstadter a jami'ar Stanford ya koma amfani da ilektiron, ya nuna cewa furoton yana da faɗi, wajen kashi takwas cikin goma na femtomita daga tsakiya zuwa baki. Femtomita kuwa, a raba milimita ɗaya gida tiriliyan, a ɗauki ɗaya. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

Yanzu ga yadda ake yin gwajin, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi, domin a cikinsa daɗin yake. Ana cika ƙaramin mazubi da haidurojin da aka sanyaya har ya zama ruwa, wajen digiri 253 ƙasa da sifili, saboda cibiyar atam ɗin haidurojin furoton ce guda ɗaya tak. Sai a kwararo masa ilektiron da aka san kuzarinsu. A gefe guda a kafa na'ura a wata kusurwa da aka zaɓa, aikinta ta ƙirga ilektiron ɗin da suka karkato wajenta, ta kuma auna kuzarin da ya rage wa kowanne. Iyakar abin da ake gani ke nan: nawa ya shiga da shi, nawa ya fita da shi, ta ina ya fita. Da waɗannan ukun, da dokar cewa kuzari da ƙarfin tafiya ba sa ɓacewa, ana iya lissafa nauyin abin da aka bari a baya ko da ba a gan shi ba.

Masu wannan fanni da kuzari suke auna nauyi, ma'auninsu kuwa MeV, wato ilektiron-bolt miliyan ɗaya. Furoton MeV 938 ne, niyutiron ya ɗara shi da ɗaya da ɗan kai. Na zauna na yi misali da kaina. A ce ilektiron ya shigo da MeV 2000, na'ura tana kusurwar digiri 20. Idan ya bugi furoton ya ture shi kawai, furoton ya tafi a matsayinsa na furoton, ilektiron zai iso na'ura da kimanin 1770. A nan ne tsinin farko yake a zanen da aka turo mini, siriri mai tsawo. Sai ƙirga ta faɗi ƙasa. Sai kuma ta sake tashi ta yi tozo babba a wajen 1470, ta sauka, ta yi wani a wajen 1100, da na uku a wajen 855. Ka mayar da waɗannan cikin lissafi, za ka ga abin da aka bari a baya yana da nauyin 1232 a tozo na farko, wato Delta ɗin nan, wajen 1520 a na biyu, wajen 1680 a na uku. Ka sauya kusurwa, ka sauya kuzarin shiga, wuraren tozon za su gusa a ma'aunin na'ura, amma nauyin da lissafi zai bayar ba zai gusa ba. Ranar da na gwada wannan da kusurwa ta biyu na ga 1232 ya sake fitowa, sai da na ajiye fensir na miƙe tsaye. Gwajin Franck da Hertz ne sak, sai dai tsanin ya bambanta. Matakin farko na atam ɗin haidurojin ilektiron-bolt 10.2 ne. Matakin farko na furoton kusan miliyan 294 ne.

Me ya sa tozo ne mai faɗi ba tsini ba? Saboda gajeren rai. Ka'idar Heisenberg ta ce abin da bai daɗe ba, kuzarinsa ba ya tsayawa a adadi guda. Faɗin Delta wajen MeV 117 ne, wanda ke nufin ransa bai wuce lokacin da haske zai ɗauka ya ratsa furoton daga wannan baki zuwa wancan ba. Daga nan sai ya tofar da payon ya koma furoton ko niyutiron. Ba ya barin sawu a kowace na'ura, ba a ɗaukar hotonsa. Kuma tozo na biyu da na uku ba mataki ɗaya-ɗaya ba ne, taro ne na matakai da suka hau kan juna. A ƙarƙashin na biyu akwai mai nauyin 1520 da mai 1535, a na uku akwai 1675 da 1680 da wasu. Raba su shi ne aikin da ya cinye rayuwar mutane da yawa. Ana yin sa ne ta hanyar kama abin da ya fito tare da ilektiron ɗin, a duba ta wace fuska payon ya fi fita, domin kowane mataki da irin salon watsinsa.

Mai karatu zai ce, tunda da payon Fermi ya gano Delta, me ya kawo ilektiron? Payon shi kansa kwak ne da kishiyarsa, wato ƙwaya irinsa mai akasin caji, a ɗaure, yana da nasa cikin, kuma da ƙarfin cibiyar atam yake karo, wanda lissafinsa ke da wuyar gaske. Kamar ka bugi ƙararrawa da wata ƙararrawa ne, ba ka san amon wace kake ji ba. Ilektiron ba ruwansa da wancan ƙarfi. Kusan ta hanyar lantarki kaɗai yake taɓa furoton, yana miƙa masa ƙwayar haske guda, foton, kuma wannan ɓangare an san lissafinsa sarai. Saboda haka duk wani abin mamaki da ya fito, daga furoton yake.

Akwai fa'ida ta biyu wadda a ganina ta fi ta farko. Da ilektiron kana iya riƙe mataki guda, a ce Delta, ka riƙa sauya tsananin bugun da kake kai masa, ta hanyar ƙara kuzarin shiga da buɗe kusurwa. Masana suna kiran wannan ma'auni Q². Idan ƙarami ne, foton ɗin yana shafar furoton gaba ɗayansa, har da gefe-gefensa. Idan babba ne, yana kutsawa ya taɓa wuri ƙanƙane a can tsakiya. Wato mataki ɗaya kake kallo, amma kana matsowa kusa da shi sannu a hankali. Yadda sauƙin zaburar da matakin ke raguwa yayin da kake matsowa, shi ke gaya maka da me aka gina shi.

Ta nan ma maganar kwak ta sami gindin zama. Murray Gell-Mann da George Zweig sun kawo shawarar kwak a 1964, kowa da nasa, amma da yawa sun ɗauke ta dabarar lissafi ce kurum. A ƙarshen shekarun 1960, a injin SLAC na Kalifoniya mai tsawon kilomita uku da ɗoriya, aka harba ilektiron masu kuzari har MeV dubu 20. Aka ga idan bugu ya tsananta tozon nan suna lafawa, amma can bayansu, inda furoton ke tarwatsewa zuwa ƙwayoyi da yawa, ƙirga ta ƙi faɗuwa yadda aka zata, kamar ilektiron na cin karo da wasu ƙananan abubuwa masu tauri a ciki. Jerome Friedman da Henry Kendall da Richard Taylor sun karɓi Nobel a 1990 a kan haka. Ina jin wannan ne marubucinku yake nufi da fasawa. Amma ko a nan, abin da ya fito ya shiga na'ura payon ne da furoton da danginsu. Kwak bai fito ba. Ka ja shi da ƙarfi, kuzarin da ka zuba sai ya rikiɗe ya zama sabon kwak da kishiyarsa, kowa ya sami abokin ɗauri.

A hoton kwak uku, Delta abu ne mai sauƙin fahimta. Kowane kwak yana da wani juyi na kansa, kamar ƙaramin maganaɗisu. A furoton biyu suna fuskantar gefe guda, ɗaya ya juya baya. Foton ya zo ya kifar da na ukun, duka uku suka daidaita, shi ke nan an sami Delta. Sai dai da aka auna da kyau, a Mainz ta Jamus da Amurka, an ga lissafin kwak uku zalla ya gaza ƙarfin da ake gani da kusan kashi ɗaya cikin uku idan bugun mai taushi ne. Abin da ya cike giɓin shi ne wani hazo na payon da ke fita yana komawa a kewayen kwak ɗin. An kuma ga wata 'yar alama, wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari, da ke nuna cewa siffar ba ƙwallo ce mulmulalliya ba. Da'irar da na yi ta zanawa a allo ko a siffa ba ta ci jarrabawa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne matakin Roper, mai nauyin wajen 1440. David Roper ya gano shi yana ɗalibin digiri na uku, a cikin bayanan karon payon, aka buga a 1964. Ba ya yin tozo nasa a zane, saboda faɗinsa ya kai MeV 350 ko kusa, maƙwabtansa sun danne shi. Ta kowace fuska kamar furoton yake, sai nauyi. Bayani mafi sauƙi shi ne kwak ukun ne suke kumbura suna tsukewa tare, kamar ƙirji mai numfashi. Matsalar ita ce lissafin kwak ya ce irin wannan mataki ya kamata ya fi na 1535 nauyi, wanda a cikinsa kwak ɗaya ne ke kewaya sauran. Sai ga shi ya zo a ƙasa da kusan MeV ɗari. Ƙane ya riga wa haihuwa. Shekaru kusan hamsin ana ta ce-ce-ku-ce. Wasu suka ce ba kwak ne suka zabura ba, gulun ne, wato ƙwayoyin da ke ɗaure kwak da juna. Wasu suka ce ba komai ba ne illa payon da niyukiliyon, wato furoton ko niyutiron, da suka ɗan riƙe juna.

Ilektiron ne ya raba gardamar, ko in ce ya rage ta ƙwarai. A cibiyar bincike ta Jefferson da ke Newport News a jihar Bajiniya akwai inji a ƙarƙashin ƙasa mai siffar filin tsere, ilektiron na zagaya shi har sau biyar yana ƙara kuzari. Bambancinsa da tsofaffin injuna shi ne kwararar ba ta yankewa, don haka ana iya cewa wannan payon da wancan ilektiron daga karo ɗaya suka fito. Da na'urar CLAS, wadda ke kama ƙwayoyi ta kusan kowace fuska, aka bi Roper daga bugu mai taushi zuwa mai tsanani. Sai aka ga adadin da ke auna zaburarsa ya faro a ƙasa da sifili, ya hau ya tsallake sifili, ya yi girma, sannan ya riƙa sauka a hankali. Hasashen gulun bai yi daidai da wannan tafiya ba. Abin da ya dace da ita shi ne kwak uku masu numfashi a tsakiya, da hazon payon mai kauri a waje, kuma hazon ne ke jawo nauyin ƙasa. An gama ɗaga ƙarfin injin zuwa MeV dubu 12 a 2017, sabuwar na'urar CLAS12 tana ci gaba da kutsawa ciki.

Niyutiron fa? Shi wahalarsa daban ce. Ba a iya cika mazubi da shi, domin idan yana shi kaɗai cikin kamar minti 15 yake rikiɗewa ya zama furoton. Sai a yi amfani da haidurojin mai nauyi, wanda cibiyarsa furoton ɗaya ce da niyutiron ɗaya a ɗaure sako-sako, MeV 2.2 kacal. Amma su biyun suna motsi a ciki, motsin kuma yana dusashe tozon. Dabarar da aka yi a Jefferson a 2005 ta ba ni sha'awa: aka kafa ƙaramar na'ura dab da mazubin don ta kama furoton ɗin da aka bari yana tafiya a hankali. Idan ka gan shi ya fito a sanyaye, ka san ɗan kallo ne, niyutiron aka buga, kuma daga tafiyarsa ka san yadda niyutiron ɗin yake motsi kafin bugu. Wahalar ta cancanta, saboda amsar ba ɗaya ba ce. Kwak iri-iri ne, akwai wanda ake kira na sama da wanda ake kira na ƙasa. Furoton kwak biyu ne na sama da ɗaya na ƙasa, niyutiron akasin haka, cajinsu kuma ya bambanta. Tun 1966 Gordon Moorhouse ya nuna cewa a lissafin kwak, foton zai sha wuyar kai furoton matakin 1675, amma zai kai niyutiron cikin sauƙi, kuma awo ya nuna bambancin yana nan.

Kada a ɗauka an gama. Lissafin kwak uku, irin wanda Nathan Isgur da Gabriel Karl suka gyara a ƙarshen shekarun 1970, ya yi hasashen matakai fiye da waɗanda aka gani, musamman daga 1800 zuwa sama. Ana kiransu matakan da suka ɓata. Wata amsa ita ce suna nan, payon ne ba sa ji, don haka tsoffin gwaje-gwaje suka wuce su. Da aka koma nemansu da foton a Bon da Mainz da Jefferson, ana duba wasu ƙwayoyin da ba payon ba, an tabbatar da wasu, kamar mai nauyin 1900. Masu tattara bayanan ƙwayoyi suna ba kowane mataki tauraro ɗaya zuwa huɗu gwargwadon ƙarfin shaidarsa, kuma har yau jerin cike yake da masu ɗaya da biyu.

Wani zai ce ina ruwan mai karanta jarida da abin da ransa bai kai ƙiftawar ido ba. Ni dai abin da ya kama ni shi ne wannan: ka haɗa nauyin kwak ukun da ke cikin furoton, ba su wuce MeV 9 ko 10 ba, cikin 938. Kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Sauran duka kuzarin ɗauri ne da motsi. Kusan duk nauyin da sikeli ke nunawa idan ka hau shi daga furoton da niyutiron yake, wato daga wannan ɗauri da har yanzu ba a iya warware lissafinsa da fensir, sai da manyan kwamfutoci. Matakan zabura su ne inda ake gwada ko an fahimce shi, kamar yadda layukan hasken haidurojin suka zama ma'aunin da aka gwada ka'idar atam da shi.

Roƙona, Edita, idan marubucinku zai koma kan wannan batu, ya nemo zanen nan mai tsini ɗaya da tozo uku ku buga shi, a rubuta 938 da 1232 da 1520 da 1680 a ƙarƙashi, a kuma cire kalmar fasawa. Ɗalibar nan tawa yanzu ta girma, ban san inda take ba, amma tun tana aji mai karatun jarida ce.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin fiziks, mai karanta ku kullum